Petra: makaɗan da suka shigar da ganga da gitar cikin majami'a

Shekara 33 wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Amurka ta yi tana zagaya duniya da gitar mai wutar lantarki da manyan ganguna, ba ta rera kome sai waƙoƙin addinin Kirista. Masu wa'azi sun yi tir da ita, gidajen radiyo sun juya mata baya, amma daga bisani ta karɓi manyan lambobin girma har huɗu irin waɗanda ake ba fitattun makaɗan duniya. Ga tarihinta.

Ko kiɗa yana da addini? Ko kuwa ganga itace ce kawai da fata, ba ta faɗin kome sai abin da mai bugunta ya sa ta faɗa? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kawunan masu wa'azi a ƙasashe dabam-dabam. A ƙasar Amurka ta taɓa zama babbar gardama tsakanin mabiya addinin Kirista, musamman daga shekara ta 1970 zuwa ta 1990, har ta shiga cikin gidaje ta raba iyaye da ƴaƴansu. A tsakiyar gardamar nan akwai wata ƙungiyar makaɗa mai suna Petra, wadda ta sha suka ƙwarai a farkonta, ta kuma daɗe a fage fiye da akasarin takwarorinta.

Petra kalma ce ta harshen Girka, ma'anarta dutse. Ta zo cikin Linjilar Matiyu, sura ta 16, inda ake zancen dutsen da aka kafa ikilisiya bisanshi. A harshen Ingilishi kuwa, kalmar da ake kiran irin kiɗansu da ita, watau rok, tana kuma nufin dutse. Ke nan da suna guda samarin da suka kafa ƙungiyar suka bayyana addininsu da sana'arsu gaba ɗaya, kuma haɗa waɗannan abubuwa biyu shi ne ya jawo masu dukan wahalar da suka sha, da dukan ɗaukakar da suka samu.

Inda gardama ta samo tushe

Kiɗan rok ya bayyana a jahohin kudu na ƙasar Amurka cikin shekarun 1950. Ya samo asali daga waƙoƙin baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, da kuma waƙoƙin ƙauye na fararen fata. Abin mamaki shi ne da yawa cikin waɗanda suka soma shi a majami'a suka koyi waƙa. Rosetta Tharpe, wadda aka haifa a shekara ta 1915, tun cikin shekarun 1940 take buga gitar mai wutar lantarki tana waƙoƙin yabon Ubangiji. Elvis Presley ya tashi yana zuwa majami'a tare da iyayenshi a garin Tupelo. Little Richard kuwa ya jingine kiɗa a shekara ta 1957, yana tsakiyar tashe, ya tafi karatun addini.

Duk da haka shugabannin majami'u sun ɗauki rok tamkar ɗan da ya bar gidan ubanshi ya shiga duniya. A ganinsu kiɗa ne na rawa da giya da neman mata da raina iyaye. A shekara ta 1966, da John Lennon na ƙungiyar Beatles ya gwada farin jinin ƙungiyarsu da na Yesu Almasihu, an tara fayafayansu an ƙone a garuruwa da dama na kudu. Waɗansu masu wa'azi ma ba kalmomin waƙa suka zarga ba, bugun gangar kanshi suka ɗora ma laifi. Suna cewa wai daga gangunan tsafi na Afirka ya fito, saboda haka ko me aka faɗa cikin waƙar, aljannu ake kira. Wannan zance ya gauraya da ƙyamar baƙar fata wadda ta yi katutu a jahohin kudu a wancan zamani.

Wajen ƙarshen shekarun 1960 sai al'amari ya ɗauki wani salo. Yaƙin Biyetnam yana cin samari, miyagun ƙwayoyi sun bazu cikin jami'o'i, matasa masu yawa sun bar gidajensu suna neman ma'anar rayuwa. Daga cikinsu aka samu dubbai da suka rungumi addinin Kirista, amma ba su aske dogon gashinsu ba, ba su kuma jefar da gitar ɗinsu ba. An soma ganinsu a jahar Kaliforniya, sa'an nan suka bazu ko'ina. Wani mawaƙi, Larry Norman, ya fitar da faifai mai suna Upon This Rock a shekara ta 1969, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne faifan rok na Kirista na farko. A watan Yuni na 1972 matasa wajen 80.000 suka hallara a birnin Dalas na jahar Teksas domin wani babban taron addini, inda shahararren mai wa'azi Billy Graham ya yi jawabi, aka rufe taro da kiɗa da waƙa. Cikin wannan shekara aka haifi Petra.

Samari huɗu a Fort Wayne

Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne Bob Hartman, an haife shi a watan Disamba na 1949. Ɗalibi ne a jami'ar Kent ta jahar Ohayo sa'ad da sojoji suka buɗe wuta bisa ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙi, ran 4 ga watan Mayu na 1970, suka kashe huɗu. Wannan abu ya girgiza shi, ya sa shi tunanin mutuwa da abin da ke bayanta, kuma ba da daɗewa ba ya ba da gaskiya ga addinin Kirista. Daga nan ya tafi garin Fort Wayne na jahar Indiyana, ya shiga wata makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. A can ya haɗa kai da Greg Hough, makaɗin gitar kamarshi, da John DeGroff mai buga gitar mai kaurin murya, da Bill Glover mai ganguna.

Fagensu na farko wani gidan shan kafe ne mai suna Adam's Apple, inda matasan Kirista na garin ke taruwa da dare su ji waƙa da wa'azi. Daga nan suka soma zuwa makarantu da dandalin garuruwa da duk majami'ar da ta yarda ta buɗe masu ƙofa. Niyyarsu tun farko a fili take: su isar da Linjila ga samarin da ba za su taɓa zama gaban mai wa'azi ba, amma za su tsaya su saurari gitar. Ba su ɗauki kansu taurari ba, sun ɗauki kansu masu bishara ne waɗanda kayan aikinsu ya sha bamban da na magabatansu.

Billy Ray Hearn, wanda ke shugabancin kampanin fayafayai na Myrrh, ya ji su ya ɗauke su. Faifansu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a shekara ta 1974. An yi shi da kuɗɗi kaɗan, kiɗanshi irin na jahohin kudu, gitar biyu suna amsa ma juna, Hartman da Hough su ke rera waƙoƙin da kansu. Na biyu, Come and Join Us, ya biyo baya a 1977. Cikinshi suka ɗauko wata waƙa ta ƙungiyar Argent ta Ingila, God Gave Rock and Roll to You, wadda sunanta kawai ya isa tsokana, domin yana cewa kiɗan rok baiwa ce daga Allah. Wani baƙon mawaƙi mai zaƙin murya, Greg X. Volz, shi ya rera ta.

Zaman jemage

Fayafayan nan biyu ba su yi kasuwa ba, kuma dalilin yana da sauƙin ganewa. A Amurka ta wancan lokaci ba a shagunan kiɗa na kowa da kowa ake sayar da fayafayan addini ba, sai a kantunan littattafan Kirista. Masu kantunan kuwa akasarinsu dattawa ne masu riƙon al'ada, da yawa sun ƙi karɓar faifai mai ƙarar gitar. Gidajen radiyo na Kirista wa'azi suke sa wa da waƙoƙi masu sanyi. Sauran gidajen radiyo, masu sa rok dare da rana, ba su son waƙar da ke ambaton Yesu a kowane baiti. Sai Petra ta zama kamar jemage: tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi ma sun ce ba nasu ba ne.

Kampanin Myrrh ya sallame su. Hough da DeGroff da Glover suka janye, kowa ya kama gabanshi, aka bar Hartman shi kaɗai cikin mutum huɗun farko. Wani da ya ga haka da sai ya rataye gitar ya nemi aikin albashi. Shi kuwa ya jawo Volz ya zama cikakken mawaƙin ƙungiya, ya ƙara da wani mai suna Rob Frazier, suka ƙulla yarjejeniya da Star Song, wani ƙaramin kampani na jahar Teksas. Faifan da suka yi a 1979, Washes Whiter Than, ya fi na baya sanyi nesa ba kusa ba, har magoya bayansu na farko suka yi gunaguni. Amma ɗaya daga cikin waƙoƙinshi ta samu shiga gidajen radiyo na Kirista, kuma daga nan Hartman ya koyi darasin da ya riƙe har ƙarshen aikinshi: kowane faifai sai a sa mashi waƙa ɗaya ko biyu masu laushi domin radiyo da iyaye, sauran kuwa a sakar ma gitar linzami domin samari.

Mahaƙurci mawadaci

Dabarar ta yi amfani a shekara ta 1981. Faifan Never Say Die, watau kada a karaya, ya zo da wata waƙa mai taushi, The Coloring Song, wadda ke bayyana Linjila ta hanyar launuka kamar ana koya ma yara. Waƙar ta hau kan gaba a gidajen radiyo na Kirista, iyaye suka saya ma ƴaƴansu faifan ba tare da sanin irin ƙarar da ke cikin sauran waƙoƙin ba. A wannan lokaci ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta: Volz a waƙa, Hartman a gitar, Mark Kelly a gitar mai kaurin murya, John Slick a piyano mai wutar lantarki, Louie Weaver a ganguna. Suka yi zagayen ƙasa suna share fage ma wata ƙungiya mai suna Servant, suka kuma koma da zama birnin Nashbil na jahar Tenesi, cibiyar sana'ar fayafayai.

Fayafayai uku suka biyo a jere: More Power to Ya a 1982, Not of This World a 1983, da Beat the System a 1984, shekarar da John Lawry ya gaji Slick. Daga ƙananan ɗakuna Petra ta koma manyan zauruka masu cin dubban mutane. Wanda ya shiga wasansu zai tarar da abin da ake gani a kowane dandalin rok: fitilu masu launi, hayaƙi, tulin amsa-kuwwa da ke girgiza ƙirji. Bambancin yana zuwa ne can tsakiyar dare, sa'ad da kiɗa zai tsaya, mawaƙi ya yi gajeren wa'azi, ya kira duk mai son tuba ya fito gaba, inda waɗansu ma'aikatan majami'u ke jira domin su yi addu'a tare da shi.

Hartman shi ne ya rubuta akasarin waƙoƙin. Al'adarshi ce ya sa lambar sura da aya ta Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin sunan waƙa cikin takardar da ke rakiyar faifai, domin duk mai shakka ya buɗe ya duba da kanshi. Hotunan bangon fayafayan kuwa jiragen yaƙi ne da na sararin samaniya, domin jigon da ya fi so shi ne yaƙin da mai bi ke yi da zuciyarshi da kuma Shaiɗan.

Bakin masu suka

Samun karɓuwa bai kashe gardama ba, sai ma ya hura ta. A farkon shekarun 1980 wata jita-jita ta bazu cewa makaɗan rok suna ɓoye saƙonnin Shaiɗan cikin fayafayai, waɗanda ba a ji sai an juya faifan da baya. Maganar ta yi ƙarfi har wani kwamiti na majalisar jahar Kaliforniya ya zauna a kanta a 1982. Petra ta mayar da martani da raha. A farkon waƙarta Judas' Kiss ta sa wata magana da aka ɗauka da baya, wadda duk wanda ya wahala ya juya ta zai tarar ba'a ce ake yi mashi bisa ɓata lokacinshi wajen farautar Shaiɗan cikin faifai.

Manyan masu wa'azi biyu sun fito da littattafai a kan batun. David Wilkerson, wanda ya yi suna wajen aiki cikin ƴan daba na birnin Niyok, ya yi tir da rok na Kirista cikin littafinshi na 1985. Jimmy Swaggart, wanda miliyoyin mutane ke kallon wa'azinshi a telebijin, ya fitar da nashi a 1987, inda ya kwatanta wannan kiɗa da kerkeci cikin fatar tunkiya. Shi Swaggart ɗin gwanin piyano ne mai fayafayan waƙoƙin addini, kuma ɗan'uwa ne na jini ga Jerry Lee Lewis, ɗaya daga cikin waɗanda suka soma rok. Tare suka tashi a garin Ferriday na jahar Luwiziyana. Watau gardamar a cikin dangi guda ma ta raba hanya.

Hujjojin masu suka uku ne. Ta farko, bugun yana motsa jiki ne, ba ruhu ba. Ta biyu, wanda ya yi shigar mutanen duniya, da dogon gashi da matsattsun tufafi da hayaƙi, ya zama ɗaya daga cikinsu ko da bakinshi na ambaton Allah. Ta uku, bishara ba abin sayarwa ba ce, alhali kuwa sai an yanki tike kafin a shiga wasan Petra. Masu goyon baya suna amsawa da Zabura ta 150, wadda ta lissafta ƙaho da kayan kiɗa masu tsirkiya da kuge masu ƙara cikin abubuwan da ake yabon Ubangiji da su. Suna kuma tuna ma jama'a labarin Thomas Dorsey, makaɗin gidajen rawa da ya koma waƙar addini wajen 1930: majami'u da yawa na baƙaƙen fata sun ƙi waƙoƙinshi da farko, daga baya suka zama abin rerawa kowace Lahadi.

Hujja ta uku ita ce mai wuyar kaucewa, domin ko cikin mawaƙan kansu akwai waɗanda ta dama. Keith Green, wanda ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a 1982, ya fitar da wani faifai a 1980 ya ce kowa ya biya abin da ya sawwaƙa, marar kuɗɗi ya karɓa kyauta. Petra ba ta bi wannan hanya ba. Manyan motocin ɗaukar kaya da ma'aikata da hayar zauruka duk kuɗɗi suke ci, kuma ƙungiyar ta zauna cikin wannan tsaka mai wuya, tsakanin aikin bishara da ciniki, har ƙarshen rayuwarta.

Mutumin da ya dawo daga bakin rami

A ƙarshen 1985, ana tsakiyar cin kasuwa, Volz ya bar ƙungiya domin ya kama tashi hanya shi kaɗai. Mutane da yawa suka ce Petra ta ƙare, domin muryarshi ita ce tambarinta. Hartman kuwa ya tuna da wani mawaƙi da aka daina jin ɗuriyarshi shekara biyar.

John Schlitt, haifaffen 1950, ya yi karatun injiniyan gine-gine a jami'ar Ilinoyi, amma waƙa ta ɗauke shi. Shi ne mawaƙin Head East, ƙungiyar rok da ta yi tashe daga 1975. Tare da suna sai giya da hodar koken suka shigo, suka ci ƙarfinshi, har abokan aikinshi suka kore shi a 1980. Kamar yadda shi da kanshi ya sha faɗa a gaban jama'a, ya shiga wani hali na baƙin ciki har ya yi niyyar kashe kanshi. Matarshi, wadda ta riga shi karɓar addini, ita ta kai shi wurin wani pasto. Ya tuba, ya bar shaye-shaye, ya bar waƙa ɗungum, ya soma daga aikin share-share a wata masana'anta har ya koma ga aikin injiniya. A zatonshi shi da dandali sun yi bankwana ke nan.

Da Hartman ya kira shi, ya amsa. Wasanshi na farko da Petra an yi shi a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya a watan Fabrairu na 1986. Zuwanshi ya ba ƙungiyar abu biyu. Na farko murya ce mai kaushi da ƙarfi, wadda ta dace da rok mai nauyi na wancan zamani. Na biyu shaida ce: ga mutumin da kiɗan duniya ya kusa hallakawa, ga shi kuma da irin wannan kiɗa yana gargaɗin samari. Masu cewa laifin na ganga ne sun sami abin tunani, domin gangar ba ta sake ba, mutumin ne ya sake.

Shekarun ganiya

Daga 1986 ƴan'uwa biyu, John da Dino Elefante, suka karɓi aikin shirya fayafayan Petra. John ya taɓa zama mawaƙin shahararriyar ƙungiyar Kansas, saboda haka ya san sirrin sautin da ke cika filin wasa. Back to the Street ya fito a 1986, This Means War! a 1987, On Fire! a 1988, shekarar da Ronny Cates ya gaji Mark Kelly. A wannan zamani ƙungiyar ta yi zagaye tare da mai wa'azi Josh McDowell, wanda ke kiran matasa su kame kansu har aure. Shugabannin matasa na majami'u, waɗanda a da ke hana yara zuwa, su ne yanzu ke cika motoci da su suna kai su.

Faifan 1989, Petra Praise: The Rock Cries Out, ya cancanci a dakata a kanshi. Har zuwa lokacin, Petra tana ɗaukar saƙon majami'a ne tana kai shi dandali. A wannan karo sai ta juya: ta ɗauko gajerun waƙoƙin yabo da jama'a ke rerawa tare ran Lahadi, ta sa masu gitar da ganguna, ta mayar ma majami'a da su. An sayar da fiye da kofi 500.000 a Amurka, abin da ake kira faifan zinariya. Samari da yawa da suka saurare shi su ne daga baya suka zama masu jagorancin waƙa a majami'unsu.

Beyond Belief na 1990 shi ma ya zama faifan zinariya, kuma shi ya kawo ma ƙungiyar lambar Grammy ta farko a 1991, a shekarar da aka soma ware ma rok na addini rukuninshi. Unseen Power ya ci ta biyu a 1993, Wake-Up Call ya ci ta uku a 1995. A 1992 sun fitar da faifai cikin harshen Sipaniyanci, wanda ya buɗe masu ƙasashen Amurka ta Kudu, inda suka samu magoya baya masu yawa. Haka kuma sun yi wasanni a ƙasashen Turai. Ban da Grammy, sun tara lambobin Dove guda 10, waɗanda ƙungiyar mawaƙan bishara ta Amurka ke bayarwa.

In kiɗa ya sake

Hausawa na cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1991 ƙungiyar Nirvana ta fito da wani sabon salon rok, mai tsatsa da ɓacin rai, wanda cikin ƴan shekaru ya sa salon shekarun 1980 ya zama tsohon yayi. A ɓangaren Kirista ma sababbin jini suka taso. DC Talk da Jars of Clay sun fitar da fayafayai a 1995 waɗanda suka sami shiga har gidajen radiyon da ba na addini ba, ƙofar da Petra ba ta taɓa samun buɗewa sosai ba. Ƴaƴan waɗanda suka girma da Petra suna ganinta kiɗan iyayensu ne.

A 1995 Hartman ya daina fita zagaye, ko da yake ya ci gaba da rubuta waƙoƙi da buga gitar cikin fayafayai. Lawry da Cates su ma suka tafi. Aka riƙa ɗaukar matasan makaɗa, wannan ya zo wancan ya tafi, ana gwada salo iri-iri, amma ciniki sai raguwa yake. Girma kuwa bai daina zuwa ba. A shekara ta 2000 aka shigar da Petra cikin zauren tunawa da manyan mawaƙan bishara na Amurka, ita ce ƙungiyar rok ta farko da ta samu wannan matsayi, kuma faifan Double Take ya ci Grammy ta huɗu a 2001. Weaver ya rabu da ƙungiya a 2003 bayan shekara 22 yana bisa ganguna. A wannan shekara Hartman da Schlitt suka fitar da Jekyll & Hyde, faifai mai nauyin kiɗa wanda Peter Furler na ƙungiyar Newsboys ya shirya. Tsofaffin magoya baya sun yaba, amma kasuwa ba ta dawo ba.

A watan Mayu na 2005 aka ba da sanarwar cewa Petra za ta ajiye aiki. Ta yi zagayen bankwana, aka ɗauki ɗaya daga cikin wasannin a garin Franklin na jahar Tenesi, inda Volz da Lawry suka zo suka hau dandali tare da tsofaffin abokansu. Wasan ƙarshe an yi shi ran 31 ga watan Disamba na 2005 a Murphy, wani ƙaramin gari na jahar Karolina ta Arewa. Bayan haka an sake haɗuwa jefi-jefi. A 2010 Hartman da Volz da Kelly da Lawry da Weaver suka taru suka sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu cikin faifan Back to the Rock, kuma da ƙungiyar ta cika shekara 50 da kafuwa Hartman da Schlitt sun sake fita zagaye.

Abin da ta bari

Masana kiɗa ba su cika sa Petra cikin masu ƙago sabon salo ba. Sau da yawa tana bin sawun abin da ke tashe ne a dandalin duniya, ta yi mashi sutura ta addini. Haka kuma burinta na farko, watau isa ga waɗanda ba su zuwa majami'a, bai cika yadda ta so ba, domin akasarin masu sayen fayafayanta da cika zaurukanta ƴaƴan majami'a ne tun asali. Aikin da ta fi yi shi ne riƙe waɗannan yara, ta nuna masu cewa ba dole ba ne su zaɓa tsakanin addinin iyayensu da kiɗan tsararsu.

A nan kuwa ta yi nasarar da ta wuce zatonta. A 1974 mai kantin littattafai yana ƙin ajiye faifanta bisa kanta. Shekara talatin bayan haka, gitar mai wutar lantarki da jerin ganguna sun zama kayan aiki na yau da kullum a dubban majami'u na Amurka da wajenta, ba mai ɗaga ido ya dube su. Sai dai wannan nasara ita ce kuma ta rage ma ƙungiyar kasuwa, domin yaron da ke jin gitar kowace Lahadi a majami'ar unguwarsu ba shi da dalilin yin doguwar tafiya ya yanki tike. Gardamar kanta ba ta mutu ba. Da matasan Kirista suka soma waƙoƙin addini da salon rap, an sake jin hujjojin nan uku, kusan kalma da kalma, wani lokaci ma daga bakin waɗanda a ƙuruciyarsu suka sha faɗa da iyayensu a kan faifan Petra.